Wa Ke Riƙe da Makullin Kwamfutar Hannu?

Sanarwar da kamfanin Google ya fitar a watan Agustan 2025, cewa na'urorin Android masu shaidarsa za su daina karɓar manhaja sai wadda marubucinta ya yi rajistar sunansa da adireshinsa a wurin kamfanin, ta riƙa yawo a kafafen sada zumunta da siffar da ba tata ba, har wasu suka ɗauka an hana tura manhaja daga waya zuwa waya baki ɗaya. Abin da kamfanin ya faɗa shi ne za a fara aiki da ƙa'idar a watan Satumban 2026 a Brazil da Indonesiya da Singafo da Tailan, sauran ƙasashe su biyo baya daga 2027, kuma bayan korafi ya yi yawa ya yi alkawarin barin wata hanya ga masu amfani da suka ƙware. Jita-jitar ta yi ƙari, amma tambayar da ta taso a ƙarƙashinta tana da nauyi: shin kamfanin da ya ƙera kwamfutar hannu, wato na'urar nan mai faɗin fuska da ta fi waya girma, yana da hurumin zaɓa wa wanda ya saya abin da zai ɗora a cikinta?

Tsari biyu ne a kasuwa. Apple, wanda ya fito da iPad a 2010, a mafi yawan ƙasashe ba ya barin manhaja ta shiga sai ta rumbunsa, inda yake tantance kowace ɗaya kuma ya karɓi kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na abin da aka saya. Android kuwa, wanda na'urorin Tecno da itel da Infinix da Samsung ke aiki da shi, yana barin a ɗora manhaja daga fayil ɗin da ake kira APK, wato manhajar a dunƙule wadda ake iya kwafa kamar waƙa ko fim. A kan wannan ƙofa ta biyu da yawa daga mutanen Haɗeja da ƙauyukan fadamarta suka dogara, domin a Guri ko Kirikasamma, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, mutum ɗaya ne ke sauke manhaja idan ya shigo gari, sauran su karɓa ta manhajar tura fayil ta Xender ko a wurin masu turi a rumfar cajin waya, ba tare da sun kashe data ba, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a Janairun 2025.

Hujjar kamfanonin ita ce tsaro, kuma ba hujjar banza ba ce, tunda Google ya ce muguwar manhajar da yake ganowa a fayilolin da aka sauke daga intanet ta ninka ta rumbunsa fiye da sau 50. Inda kuskuren yake shi ne a ɗauka cewa duk abin da ya fito daga rumbun kamfani ya kuɓuta, fahimtar da har wasu masu ilimi ke maimaitawa kamar karatu. Manhajojin bashin nan da suka addabi 'yan Najeriya, masu kwashe lambobin da ke cikin wayar mai cin bashi su riƙa aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cin mutunci, da yawansu a Play Store, rumbun Google, aka sauke su, sai da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta tashi tsaye a 2022, sannan a 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane. Kafin nan, a 2020, masu binciken tsaro sun gano muguwar manhajar Triada a cikin dubban wayoyin Tecno W2 tun suna cikin kwali, kamfanin kuma ya ɗora laifin a kan wani mai kawo masa kaya. Mai gadin da ake cewa a miƙa masa makulli, shi ma ɓarawo ya taɓa wucewa ta gabansa.

Abin da ya fi wuyar ganewa shi ne ikon tantancewa da ikon hanawa abu ɗaya ne, kuma manomin Auyo ya fi kowa sanin haka. Madatsar Tiga da ta Challawa suna rage masa ɓarnar ambaliya kuma suna ba shi ruwan noman rani, amma ƙofar tana can sama a hannun wanda bai san gonarsa ba, ranar da aka rufe shinkafarsa ta ƙone, ranar da aka saki ruwa ba shiri ta nutse, kuma ba a tambaye shi ba a duka biyun. A 2017 Apple ya cire manhajojin VPN, masu ba da damar kewaye toshiyar intanet, daga rumbunsa na ƙasar Sin, kuma a Oktoban 2021 ya cire manhajar Quran Majeed a can bisa buƙatar hukumomi, mai iPad kuma ba shi da wata ƙofar da zai bi. Wanda ya tuna cewa da VPN 'yan Najeriya suka ci gaba da shiga Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 zai gane abin da rumbu ɗaya tilo ke nufi idan gwamnati ta matsa wa mai shi.

Tarayyar Turai ta tilasta wa Apple da doka ya bar wasu rumbunan manhaja, a iPhone daga Maris 2024, a iPad kuma daga baya a shekarar, amma a ƙasashenta kaɗai. Na'urar iri ɗaya a hannun ɗalibin kwalejin Binyaminu Usman da ke Haɗeja tana nan a kulle, abin da ke nuna cewa kullen ya fi bin ƙarfin dokar ƙasa fiye da larurar fasaha.

Akwai kullen da ke da ma'ana, shi ne wanda mai na'urar ya sa da kansa. Na'urar BVAS ta hukumar zaɓe ba ta da dalilin karɓar manhajar wasan ƙwallo, haka kwamfutar Opon Imo da jihar Osun ta raba wa ɗalibai a 2013, da waɗanda aka fara bai wa malamai ɗauke da darussa a shirin EdoBEST na jihar Edo a 2018, tsarin da Jigawa ma ta shiga da JigawaUNITE. A nan hukuma ce ta saya kuma ita ta ƙayyade aikin, kamar yadda uba ke iya taƙaita abin da ɗansa zai buɗe. Sai dai jami'an da ke sa hannu a irin waɗannan kwangiloli sun fi damuwa da yawan na'urorin da za a nuna a ranar ƙaddamarwa fiye da sharaɗin da zai faɗi wanda ke riƙe da makullin bayan kwangila ta ƙare. Idan yarjejeniya ba ta ba wa hukumar ilimi ta jiha ikon buɗe na'urar da ɗora wata manhaja ba, ranar da ɗan kwangila ya tattara ya tafi, malamin firamare a Kaugama zai rage da na'ura mai ƙoshin lafiya wadda ba zai iya sa mata ko littafin lissafi ba, kuma mai gyaran waya a kasuwar Haɗeja ba shi da abin da zai yi mata sai ya cire fuska da batir ya sayar.