Kwalin da muke ƙonewa a kasuwa, kayan karatu ne a lakwal

Kowace yamma in an tashi kasuwa, sai ka ga kwalayen sabulu, da na taliya, da na tumatirin gwangwani zube a bakin rumfuna, wasu a cinna musu wuta, wasu iska ta kai su cikin lambatu. To kwanan baya na leƙa wata kwaleji a nan Damagaram, inda na tarar da malamin zane yana koya wa samari da ƴan mata, ƴan shekara 13 zuwa 16, yadda ake fitar da zane mai tudu da irin wannan kwali.

Aikin ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Yaro zai fara zana abin da yake so a takarda, ya mayar da shi kan kwali, ya yanke da almakashi ko reza. Daga nan sai ya riƙa manna yankakkun bisa wani faffaɗan kwali, hawa kan hawa, har zanen ya taso yadda ko makaho zai shafa ya gane shi. Kwali kuwa hawa 3 gare shi: fata biyu da mai kunya-kunya a tsakiya. In aka ɗan jiƙa fatar sama aka ɓare ta, sai kunyoyin su fito, su zama rufin ɗaki ko saƙar tabarma. Wanda bai da kuɗin gam, ƙaro ya jiƙa, ko ya dama sitaci. Launi kuma ga jar ƙasa, ga farar ƙasa, ga gawayi.

Wannan zane ba baƙo ba ne gare mu. Duk wanda ya ratsa unguwar Birni, ya bi ta wajen fadar Sarkin Damagaram, ya ga yadda maginan dā suke tayar da zane da laka a fuskar gidaje, ana gane arzikin mai gida tun daga zaurensa. Garin da ya riƙe babban birnin ƙasa har zuwa 1926 da wannan ado aka san shi. Yau siminti ya shigo, masu hannun yin aikin suna raguwa. Yaran da na gani irin waɗannan zane-zane suke kwaikwayo: da laka kakanninsu suka yi, su kuma da kwali.

Na san wata uwa za ta ce wasa ne, gara yarinya ta zo ta taya ta tsare rumfa. Amma ki duba abin da ke ciki: awo, lissafi, haƙuri, da tattalin kaya don kada a yi ɓarna. Waɗannan su ne jarin tela, da kafinta, da magini, da mai rubuta allon shago.

Abin da ke damun malamai shi ne kwali mai tsabta, wanda bai jiƙe ba, mai kuma bai taɓa shi ba. Don haka, Alhaji, Hajiya, in an kwance kaya a ninke kwalin a ajiye gefe, a aika wa lakwal mafi kusa. A kuma ja kunnen yara kan reza, kada su riƙe ta sai malami na wurin.

Allah ya ba da kasuwa, ya yi wa zuri'a albarka.