Neman Izini Kafin Aika Wa Jama'a Saƙo

Yanzu da wayar hannu ta game ƙasa, tun daga Tambuwal da Dogon Daji har Kebbe da Kuchi, mai shagon taki da shugaban makarantar Islamiyya da magatakardan ƙungiyar manoma, kowannensu na iya aika sanarwa guda ga ɗaruruwan mutane a lokaci ɗaya. Sai dai ya kamata su sani cewa saƙon da ya shigo ba da yardar mai waya ba, ko da sana'ar halal ce ke bayansa, a sahun na 'yan damfara ake sanya shi.

Tun shekarar 2016 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta tanadi lamba 2442, wadda duk wanda ya aika mata kalmar STOP za a toshe masa saƙonnin talla. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ba kowa haƙƙin janye yardarsa da hana a yi talla da bayanansa. WhatsApp ba ya isar da saƙon da aka watsa wa mutane da yawa sai ga waɗanda suka ajiye lambar mai aikawa, idan ƙorafi ya yawaita kuwa, yana iya rufe asusun mai aikawar. Gmail ma, tun 2024, ya sharɗanta wa masu aika dubban wasiƙu a kullum kada masu ƙorafi su kai uku cikin dubu.

Magani dai shi ne ladabin da Suratun Nur ta koyar game da shiga gidajen mutane, wato neman izini, da komawa idan an ce a koma. Saboda haka kada ka sayi lambobi, kada ka kwashe su daga zauren WhatsApp na 'yan uwa, kada kuma ka jefa mutum cikin zaure bai sani ba. Tambaye shi baki da baki, ka rubuta sunansa da ranar da ya amince; ka fara kowane saƙo da sunanka da garinka, ka taƙaita, kada ka taɓa neman lambar sirrin banki, wanda ya ce ya isa kuma ka cire shi nan take ba tare da jayayya ba.

Lambar mutum amana ce a hannunka, kuma mutum hamsin da ke jiran farashinka da yardarsu sun fi maka albarka bisa dubun da suka toshe ka.