WANE IRIN KARE YA DACE DA GIDA MAI YARA?

A garuruwan Masarautar Gwandu, irin su Diggi da ke Ƙaramar Hukumar Kalgo ta Jihar Kebbi, kare tsohon ma'aikaci ne. Mafarauci yana shiga daji da shi, makiyayi yana barin sa a bakin ruga, manomi kuma yana ɗaure shi kusa da rumbu ko garken tumaki. Malaman fiƙihu sun daɗe da bayyana halaccin riƙe kare domin farauta da tsaron dabbobi da amfanin gona. Sai dai a 'yan shekarun nan an samu sabon yayi. Ganin karnukan ƙasashen waje a gidajen masu hali na Birnin Kebbi da Sakkwato ya sa wasu magidanta suna sha'awar su sayo irinsu, musamman don tsoron ɓarayi. To, gidan Bahaushe ba ya rabuwa da yara, na gida da na maƙwabta. Don haka kafin a kawo kare, tambayar da ta kamata a fara yi ita ce: yaya zamansa da yara zai kasance? Ilimin halittu yana da abin cewa a kan wannan.

Mene Ne Jinsin Kare?

Duk karnukan duniya, manya da ƙanana, halitta guda ce, kuma asalinsu daga kyarkeci ne. Masana sun tabbatar cewa mutum ya fara zama da kare fiye da shekara 14,000 da suka wuce, tun kafin ya fara kiwon akuya ko shanu. Amma yawancin jinsunan da ake ji da su a yau, waɗanda Ƙungiyar Masu Karnuka ta Duniya ta amince da fiye da 350 daga cikinsu, ba su fi shekara 200 da samuwa ba. A Ingila aka fara gasar nunin karnuka a 1859, aka kuma kafa ƙungiyar rajistarsu a 1873. Shi kansa Alseshiyan, wato karen 'yan sanda, a 1899 wani hafsan sojan Jamus mai suna Max von Stephanitz ya fara yi masa rajista.

Yadda ake samar da jinsi shi ne a ware 'yan karnuka masu wata siffa da ake so, a riƙa haɗa su barbara a tsakaninsu kawai. Ta haka siffar take tabbata, amma ta haka kuma cututtukan gado suke taruwa. Alal misali, Alseshiyan da Rotwaila da Labarado duk an san su da gocewar ƙashin ƙugu, wadda kan gurgunta kare tun bai tsufa ba.

Shin Jinsi Ne Ke Tsara Hali?

Sau da yawa mai sayar da kare zai ce maka wannan jinsi yana son yara, wancan kuma mugu ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma kaɗan ne. A shekarar 2022 mujallar kimiyya ta Science ta buga wani babban bincike da Kathleen Morrill da Elinor Karlsson da abokan aikinsu suka yi a Amurka. Sun tattara bayanin halayen karnuka 18,385 daga bakin masu su, suka kuma bincika ƙwayoyin gadon 2,155 daga ciki. Abin da suka gano shi ne jinsi yana bayyana kimanin kashi 9 cikin 100 kacal na bambancin hali tsakanin kare da kare. Game da saurin hasala kuwa, wanda shi ne abin da ya fi damun uban yara, jinsi bai nuna komai sosai ba.

Ma'anar wannan ita ce, idan ka ga kare daga nesa, jinsinsa zai gaya maka girman da zai kai, da yawan gashinsa, da abincin da zai ci. Amma ba zai ba ka tabbacin ko zai ciji ɗanka ba. Wannan ya dogara ne ga halin iyayensa, da irin renon da ya samu, da yadda ake mu'amala da shi a gida.

Girma da Zafin Ƙasa

Abu na farko da jinsi yake nunawa tabbas shi ne girma, kuma girma yana da muhimmanci. Yaro ɗan shekara 5 nauyinsa bai wuce kilo 18 ba ko kusa da haka. Namijin Alseshiyan yana kai kilo 30 zuwa 40, Rotwaila kilo 50, Burbul na Afirka ta Kudu kuwa yakan haura kilo 60. Kare irin wannan ko da wasa ya bangaje yaro sai ya kayar da shi, kuma bakinsa daidai yake da fuskar yaron. Wannan ne ya sa cizon da ake yi wa manya ya fi yawa a hannu da ƙafa, na ƙananan yara kuwa a fuska da wuya da kai.

Abu na biyu shi ne zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a yankin Kalgo yakan wuce digiri 40 a ma'aunin Selshiyos, alhali zafin jikin kare mai lafiya tsakanin 38 ne da 39. Mutum yana sanyaya jikinsa da gumi. Kare ba ya gumi sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, don haka da haki yake fitar da zafi, wato ya zaro harshe iska ta busar da danshin bakinsa da hancinsa. Karen da aka samar domin dusar ƙanƙarar duwatsun Kokeshiya, mai gashi ninki biyu, azaba yake sha a bazararmu. Haka nan karnuka masu dakakken hanci, irin su Buldog, hanyar numfashinsu ƙunci gare ta, zafi kan kashe su cikin sa'o'i. Kare kuwa idan yana cikin wahala, ko ta zafi ko ta ciwo, haƙurinsa ga yaro mai ja masa wutsiya raguwa yake yi.

Karenmu na Gida

Mutane da yawa suna raina karen gida, suna ganin kamar gaurayen banza ne. Binciken ƙwayoyin gado da Adam Boyko da abokansa suka buga a 2009 ya nuna cewa karnukan ƙauyuka a sassa da dama na Afirka tsohon iri ne mai zaman kansa, kuma bambancin ƙwayoyin gadonsu yana da yawa ƙwarai. Wannan yalwar ita ce garkuwarsu daga cututtukan gado. Karen gida yana da gajeren gashi da siririn jiki, bai cika wuce kilo 20 ba, yana jure zafi, kuma yana rayuwa da tuwo da ɗan kifi da ragowar nama. Ga shi da faɗakarwa, domin abin da gida yake bukata da dare haushi ne da zai tashi mutane. Hausawa suka ce karen bana shi ke maganin zomon bana; haka nan karen ƙasa shi ya san yanayin ƙasarsa.

Abin sha'awa, ɗan'uwansa na arewa da mu ya zama abin alfahari a Turai. Shi ne Azawak, dogon karen Abzinawa da Fulani na kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, wanda aka fara kai shi Turai a shekarun 1970. Sai dai a lura, karen da aka gada daga zuriyar farauta yana da ɗabi'ar bin duk abin da ya ruga a guje, ko zomo ne, ko kaza, ko yaro. Gida mai ƙananan yara ya fi kyau ya nemi kwikwiyo daga karyar da aka sani da natsuwa a cikin mutane.

Makonnin da Ke Gina Hali

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masana biyu, John Paul Scott da John Fuller, sun shafe shekara 13 suna nazarin karnuka jinsi biyar a Amurka, har da Basenji na ƙasar Kwango, suka buga sakamakonsu a 1965. Sun nuna cewa akwai wani lokaci, daga mako na 3 zuwa kusan na 12 na rayuwar kwikwiyo, da ƙwaƙwalwarsa take koyon wane ne nata. Abin da ya saba da shi a wannan lokaci ba zai ji tsoronsa ba idan ya girma. Wanda aka kulle bai ga mutane ba har lokacin ya wuce, da wuya ya sake sakin jiki da su, kuma tsoro shi ne tushen yawancin cizo.

Saboda haka a ɗauko kwikwiyo yana da mako 8, kada a raba shi da uwarsa kafin nan, domin a cikin 'yan'uwansa yake koyon sassauta cizo. A je a ga uwar da ido. A zaɓi wanda yake matsowa da kansa yana shinshina, a bar wanda yake maƙalewa a lungu yana karkarwa. Babban kare da ba a san tarihinsa ba, kome arharsa, bai dace da gidan yara ba. Al'adar nan ta ɗaure kare da sarƙa yini guda a rana, ko dukansa da hana shi abinci wai don ya yi zafi, haɗari take haifarwa, kuma ɗan gida ne ya fi kusa da haɗarin, ba ɓarawo ba.

Su ma yara suna da nasu darasi. Kada su taɓa kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya tana shayarwa. Kada su jefe shi, kada su hau bayansa. Idan baƙon kare ya tunkaro, su tsaya cik, su sauke hannu, su kau da ido. Yaron da bai kai shekarun makaranta ba kuwa, ba a barin sa shi kaɗai da kare, ko wane iri ne.

Ciwon Haukan Kare

Wannan shi ne babban abin da ya wajaba kowane ɗalibi ya sani. Ƙwayar bairos ce take haddasa shi, tana cikin miyan kare mai ciwon. Idan ta shiga rauni, sai ta bi jijiyoyin saƙo a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa, galibi cikin wata 2 zuwa 3. Idan cizon a fuska ne ko wuya, tafiyar gajera ce. Da zarar alamu sun bayyana, irin su firgita da tsoron shan ruwa, kusan babu mai tsira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Duk da haka ciwo ne mai rigakafi. Tun a 1885 Louis Pasteur na Faransa ya ceci wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, da allurar da ya haɗa. A Nijeriya, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa allurar karnuka. Ana yi wa kwikwiyo yana da wata 3, a maimaita kowace shekara, a kuma ajiye takardar shaida. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari, ciwon yana daina yaɗuwa.

Idan kare ya ciji yaro, ko ya yakushe shi, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15. Kada a cusa toka ko barkono, kada a ɗaure. A kai shi asibiti a ranar domin a fara masa allura, kuma a cika adadinta. Karen kuma a killace shi kwana 10 likitan dabbobi yana dubawa, amma kada a jinkirta allurar yaron ana jiran sakamako. Malamai su ja kunnen ɗalibai cewa ɓoye cizo don tsoron faɗan iyaye yana iya zama ajali.

Tsutsa da Kaska

Yawancin 'yan kwikwiyo da tsutsar ciki ake haihuwarsu, domin tana ratsa mahaifa. Ƙwanta yana fita cikin kashi ya zauna a ƙasar da yara suke wasa. A fara ba kwikwiyo maganin tsutsa yana da mako 2, babba kuma duk wata 3, a riƙa kwashe kashinsa kullum, yara su wanke hannu kafin cin abinci. Akwai kuma wata tsutsa da kare yake samu idan ya ci hanta ko huhun tunkiya mai ƙullutun ruwa, daga nan ta koma ga mutum ta yi masa irin wannan ƙullutu a hanta. Don haka ranar Babbar Sallah, kayan cikin da aka ga ƙullutu a jikinsu a ƙone su ko a binne da zurfi, kada a jefa wa kare. Kaska ita ma tana sa wa kare ciwon jini, kuma karnukan waje sun fi saurin faɗuwa da shi.

Ga magidanci a Diggi mai ƙananan yara, shawarar da ilimi ya fi goyon baya ita ce matsakaicin karen gida mai gajeren gashi, daga uwa mai natsuwa, wanda aka ɗauko yana da mako 8, aka tanadar masa inuwa da ruwa da wurinsa na daban, aka kuma yi masa allura. Mai neman ƙarin bayani zai samu a ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma, ko a Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Ga kuma aiki ga ƙungiyoyin kimiyya na makarantu: kafin 28 ga Satumba, Ranar Yaƙi da Ciwon Haukan Kare ta Duniya, ku ƙirga karnukan unguwarku, ku tambayi nawa ne suke da takardar allura, ku fitar da kason cikin ɗari, sannan ku kai sakamakon ga mai unguwa da jami'in dabbobi idan bai kai 70 ba.