Wa ke duba manhaja kafin a sake ta ga jama'a?

Ranar 14 ga watan Mayun 2025, magatakardan hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu ta JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya tsaya gaban 'yan jarida ya amsa cewa sakamakon ɗalibai 379,997 ya samu tangarɗa. Ya nemi afuwa har da hawaye. Abin ya shafi cibiyoyi 157 a Legas da jihohin kudu maso gabas. Bayanin hukumar shi ne an yi wa manhajar jarrabawar gyara, sai ma'aikatan ɗan kwangila suka tsallake wasu daga cikin manyan kwamfutocin da ke rarraba jarrabawar, waɗanda ake kira saba, ba su ɗora musu gyaran ba. Ba wanda ya lura sai da sakamako ya fita, iyaye suka tada ƙura. Yaran nan sai da suka sake zama jarrabawa.

Wanda ya san tarihin sana'ar manhaja, da jin bayanin nan zai tuna kamfanin Knight Capital na Amurka, babban dillalin hannayen jari. A 2012 kamfanin ya shirya sabuwar manhajar ciniki da za a ɗora a kan saba takwas. Ma'aikacin da aka ba aikin ya ɗora a kan bakwai, ya tsallake ta takwas, kuma kamfanin bai da dokar da ta ce wani ya bi bayansa ya duba. Safiyar 1 ga Agusta, kafin a buɗe kasuwa, na'urorin kamfanin suka aika wa ma'aikata saƙonnin imel har 97 masu nuna akwai matsala, ba wanda ya ɗauke su da muhimmanci. Da kasuwa ta buɗe, sabar nan guda ɗaya ta tada wani tsohon umarni da aka daina amfani da shi shekaru da dama amma ba a goge shi ba, ta kama saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Cikin minti 45 kamfanin ya tafka asarar fiye da dala miliyan 460, bisa ƙididdigar hukumar kula da kasuwar hannayen jari ta ƙasar, wadda daga baya ta ci shi tarar dala miliyan 12. A 2013 wani kamfani ya haɗiye shi.

Shekara goma sha uku tsakani, ƙasa daban, aiki daban, amma ramin da aka faɗa ɗaya ne. A wuraren biyu akwai ƙwararru, gyaran da ya dace kuma an rubuta shi. Abin da aka rasa shi ne wanda zai bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar gyaran ya isa ko'ina. A nan nake ganin ma'aikatunmu da yawa suka yi wa gwajin manhaja gajeriyar fahimta. Sun ɗauka da zarar manhaja ta yi aiki a kwamfutar wanda ya rubuta ta, ko an nuna wa manya ita a ɗakin taro ta buɗe lafiya, to gwaji ya ƙare. Alhali gwaji bai ƙare ba sai an ga abin yana aiki a wurin da talaka zai same shi.

Aikin mai gwaji ya sha bamban da na mai rubuta manhaja tun daga tunani. Mai rubutawa burinsa abin ya yi aiki. Mai gwaji kuwa yana zaune ne yana neman hanyar da zai karya shi. A ba shi fom ɗin rajista, sai ya rubuta Sa'adatu ko Ja'afar ya ga ko ɗan waƙafin saman nan zai rikita manhajar, domin fomomi da yawa ƙin karɓarsa suke yi. Ya sa sunan da ke da ƙ ko ɗ ko ɓ ya ga ko za su fito daidai a takardar shaida ko za su koma alamar tambaya. Ya sa ranar haihuwa 30 ga Fabrairu. Ya danna maɓallin biyan kuɗi sau biyu a jere. Ya yanke intanet daidai lokacin da kuɗi suka bar asusu ba su kai ga mai karɓa ba, ya ga abin da manhajar za ta yi da su. Duk wanda aka taɓa cire wa kuɗi a na'urar POS, mai shago ya ce bai ga komai ba, ya san amfanin wannan gwaji na ƙarshe. Manhajar da aka gwada a ofis mai wuta da intanet mai ƙarfi kaɗai, ba a gwada ta domin mutumin Gwarzo ko Tasawa ba.

Irin wannan aiki yana da yawa, mutum ba zai iya maimaita shi da hannu kullum ba. Shi ya sa kamfanonin da suka san abin da suke yi suke rubuta ƙananan manhajoji masu yin gwajin da kansu. Duk lokacin da aka taɓa wani sashe, sai su bi tsoffin gwaje-gwajen gaba ɗaya, domin gyaran yau kan ɓata abin da yake aiki jiya. Kuma tun ran gini ran zane: mai gwaji ya kamata ya zauna a teburin da ake tsara abin da ake so manhajar ta yi, ya tambayi abin da zai faru in mutum dubu ɗari suka shigo lokaci guda. In aka bar shi sai makon ƙarshe, duk jinkirin da aka yi a baya daga lokacinsa za a cire.

Gwajin na'ura ma ba a miƙa masa wuya gaba ɗaya. Ranar 19 ga Yulin 2024 kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura wa abokan cinikinsa wani ɗan gyara, kwamfutoci masu amfani da Windows kimanin miliyan 8.5 suka durƙushe, kamar yadda Microsoft ya ƙiyasta. Jirage suka kasa tashi, asibitoci suka ɗage aiki, bankuna suka tsaya. Kamfanin yana da manhajar da ke tantance irin wannan gyara kafin ya fita, sai ga shi ita kanta tana da kuskure, ta bar shi ya wuce. Sun janye gyaran cikin minti 78, amma aikin gama ya gama, domin sun tura shi ga kowa a lokaci guda. Uwargida takan ɗanɗana miya a cokali kafin ta zuba wa baƙi. Da an fara tura gyaran ga kwamfutoci kaɗan aka jira aka ga halinsu, da ɓarnar ta tsaya a nan. Bayan abin ya faru ne kamfanin ya yi alƙawarin riƙa sakin gyara mataki-mataki.

Abin da ya fi damuna dai shi ne matsayin mai gwaji a cikin ma'aikata. Sau da yawa shi ne ƙarami, albashinsa ƙasa da na sauran, kuma yana ƙarƙashin mutumin da aka ɗora wa alhakin gama aiki a kan lokaci. To wa zai iya buɗe baki ya ce wa maigidansa a ɗage ranar ƙaddamarwa, bayan an riga an buga katin gayyata? Muddin ba shi da ikon cewa a dakata, kuma a dakata ɗin, rahotonsa takarda ce kawai. Haka nan ma'aikatar da ke wulaƙanta wanda ya kawo labarin kuskure, koya wa mutanenta ɓoyewa take yi.

Birtaniya ta ga inda ɓoyewar ke kaiwa. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da masu kula da rassan gidan waya fiye da 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi, saboda manhajar Horizon ta kamfanin Fujitsu tana nuna giɓin kuɗi a asusunsu. Wasu sun sha ɗauri, wasu sun rasa gidajensu, wasu sun mutu da tabon a jikinsu. Hukumar gidan wayan ta dage cewa manhajarta lafiya lau take, har sai da babbar kotu ta tabbatar a 2019 cewa tana cike da kurakurai. Ya kamata a yaba wa JAMB a nan, domin cikin kwanaki kaɗan ta fito ta amsa laifinta.

Yawancin hukumomi da bankuna da makarantunmu ba su rubuta manhaja da kansu, kwangila suke bayarwa. Saboda haka kirana ga shugabannin da ke sa hannu a kan waɗannan kwangiloli ne. Ku ware wa gwaji kuɗinsa da lokacinsa a rubuce cikin yarjejeniya. Ku ba wani daban, wanda ba ya cin abinci a hannun ɗan kwangilar, aikin dubawa. Kada ku biya kason ƙarshe sai an kawo muku takardar da ke nuna abin da aka gwada, da abin da ya faɗi, da sunan wanda ya bi kowace na'ura ya tabbatar gyara ya hau kanta, da kuma yadda za a koma tsohuwar manhaja cikin gaggawa idan sabuwar ta ƙi aiki.