Kwamfuta ɗaya, ɗalibai ashirin

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir baki ɗaya. Yaron da ya gama sakandare a Babura ko Roni ko Gwiwa dole ya zauna gaban kwamfuta, ko ya taɓa riƙe linzami ko bai taɓa ba. Da yawa kuwa sai ranar jarrabawar suke fara haɗuwa da ita. Idan ka tambayi shugaban makaranta dalili, amsar ba ta wuce biyu: babu kuɗin sayen kwamfutoci talatin, ko kuma an taɓa kawo su, sun mutu ɗaya bayan ɗaya, ƙura ta rufe ɗakin.

Akwai wata tsohuwar dabara da ta dace da irin wannan hali. Maimakon kowane ɗalibi ya samu cikakkiyar kwamfuta, sai a sayi guda ɗaya mai ɗan ƙarfi a mai da ita uwa, wadda masu sana'ar ke kira saba. Duk manhajoji da fayiloli a cikinta suke, ita ke yin aikin. Abin da ke gaban ɗalibi allo ne da madannai da linzami, sai wata ƙaramar na'ura da ke miƙa wa uwar abin da ya danna, ta dawo masa da hoton sakamakon. Tamkar gidan yawa ne, tukunya ɗaya ce a kan murhu, kowa ya zo da kwanonsa. Kowane ɗalibi na shiga da sunansa da lambar sirrinsa, ba ya ganin aikin na kusa da shi.

Uwar ba sai ta zama irin ta banki ba. Kwamfutar tebur ta gwanjo, irin wadda ake samu a titin Beirut a Kano, tana iya ɗaukar aji guda na masu koyon buga rubutu da gwajin tambayoyin jarrabawa, muddin an ƙara mata ƙwaƙwalwa. A nan ne bai kamata a yi rowa ba. Sai akwatin rarraba layi, da wayoyin da za su haɗa kowane tebur da shi. 'Ya'yan kuwa, wato ƙananan na'urorin da ke gaban ɗalibai, tsofaffin kwamfutocin nan da ke jibge a sito sun isa, ko da ma'ajiyarsu ta lalace, domin ta waya suke tashi, daga uwar suke ɗauko komai. Inda babu su, akwai Raspberry Pi, 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba, wadda ta fito a Ingila a 2012 kan dala 35.

Manhajar da ke tafiyar da wannan tsari, LTSP, kyauta ce. Jim McQuillan ya fara LTSP a Amurka a 1999 a kan tsarin Linux, makarantun Girka kuma sun daɗe suna aiki da ita. Ƙasar Masedoniya ta bi irin wannan hanya a 2007 da na'urorin kamfanin NComputing lokacin da ta tashi wadata makarantunta. Ga kuma wata dama: Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar janye tallafi daga Windows 10, kuma ɗimbin kwamfutoci masu lafiya ba za su ɗauki Windows 11 ba. Linux bai damu da tsufansu ba.

A ganina babbar ribar ba a kuɗin saye take ba, tana wajen wuta da gyara. Kwamfutar tebur da allonta kan ci wat ɗari ko fiye, alhali Raspberry Pi ba ta kai wat goma ba, ban da allo. Wanda ya san yadda wutar KEDCO take a ƙauyukanmu, ya kuma san kuɗin man janareta, ya san wannan bambancin shi ke sa sola ta iya riƙe ɗaki guda. Malamin da ke kula da ɗakin ma kwamfuta ɗaya zai riƙa sabuntawa, ba ashirin ba, kuma yaro ba zai cusa filashi ya lalata tsarin kowa ba.

Amma fa idan uwar ta tsaya, aji duka ya tsaya. Dole a ba ta batiri, a kare ta daga zafin bazara da ƙurar hunturu, a riƙa kwafe abin da ke cikinta a wata ma'ajiya. Bidiyo ma yana wahalar da ita idan kowa ya kunna lokaci guda.

Sai batun wanda zai haɗa. Kazaure na da kwalejin Hussaini Adamu da makarantar Informatics da aka kafa zamanin Saminu Turaki, Babura kuma ta samu jami'ar fasaha ta tarayya a 2021. Ɗaliban da ke neman aikin kammala karatu za su iya ɗaukar sakandare ɗaya-ɗaya su haɗa mata irin wannan ɗaki, su koya wa malami guda yadda zai tayar da uwar idan ta ƙi tashi, kafin su koma makaranta.