Kuɗin Siminti Ba Ya Rage Haraji: Abin da Dokar 2025 Ta Tanadar wa Mai Gini

Tun da sabuwar dokar haraji ta Najeriya ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, wata magana ke yawo a majalisu da wayoyin jama'a: wai duk wanda ya sayi siminti da rodi da kwanon rufi, in ya ajiye rasit, za a cire masa kuɗin daga harajinsa. Wasu ma cewa suke gwamnati za ta mayar masa da shi a asusu. Maganar tana da daɗin ji, musamman ga ma'aikacin da ginin gidansa ya tsaya a linta yau shekara uku. Sai dai ba haka dokar ta ce ba.

Batun ba daga sama ya faɗo ba, a wasu ƙasashe akwai irinsa. A Amurka, wanda ya zaɓi ya lissafa abubuwan da za a rage masa ɗaya bayan ɗaya yana iya saka harajin saye da sayarwa da ya biya wa jiharsa, har da na kayan gina gida ko na babban gyara, a madadin harajin kuɗin shiga na jiha. Ko a can, harajin da ke kan kayan ake ragewa, farashin kayan yana kan mai gini, kuma akwai iyaka: dala 10,000 ce tun 2018, kafin a ɗaga ta zuwa 40,000 a 2025. A Birtaniya, wanda ya gina sabon gida da kansa yana iya neman a mayar masa da harajin VAT da ya biya a kan kayan. Dokokin can ne, kuma bidiyon da ke bayaninsu ba ya aiki a Kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Dei-Dei ta Abuja.

A Najeriya, dokar da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 ta lissafa abubuwan da ake cirewa daga kuɗin shigar mutum kafin a yanka masa haraji. Akwai abin da yake zubawa a asusun fansho, da inshorar lafiya ta ƙasa, da inshorar rai, da asusun gidaje na ƙasa wato NHF, da kuɗin ruwan bashin da ya ci don gina gidan da shi kansa yake zaune a ciki, sai kuma rangwamen haya. Bulo, yashi, katako, tayil, fenti, ladan birkila da na kafinta, babu ko ɗaya a ciki. Gidan da mutum ya gina don iyalinsa, doka tana kallon sa a matsayin hidimar kansa, daidai da cefane.

VAT ɗin da ke kan kayan ma ba ya dawowa. Tun watan Fabrairun 2020 kashi 7.5 cikin ɗari ne, kuma sabuwar dokar ta bar shi yadda yake. Kayan da farashinsu kafin haraji ya kai naira miliyan ɗaya suna ɗauke da naira 75,000 na haraji, ko an rubuta a rasit ko an riga an cusa shi cikin farashi tun daga masana'anta. Fili da gini an keɓe su daga VAT, amma kayan da ake ginin da su ba a keɓe su ba. Mai gina gidan zama shi ne mai saye na ƙarshe, a kansa harajin yake tsayawa.

Kuɗin ruwan bashin gini shi ne inda mai gida ke da ƙofa, kuma a nan ne aka fi rikita lissafi. Uwar kuɗin ba ta cikin abin da ake cirewa, ruwan kaɗai ne. Cirewar ma ba tana nufin a miƙo wa mutum kuɗi ba, rage adadin da za a yanka wa haraji ake yi. A sabon tsari, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, miliyan 2.2 da ke biye ana yankar kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18. A ɗauki ma'aikacin da kuɗin da za a yanka masa haraji ya kai miliyan 4 a shekara, ya kuma biya ruwan bashin gini naira 600,000. Za a yi masa lissafi a kan miliyan 3.4, abin da ya tsira da shi naira 108,000 ke nan. Kuɗi ne, ba a raina su ba, amma duk wanda ya ci bashi don kwaɗayin rangwame ya biya dubu ɗari shida don ya tsira da ɗari da takwas.

Gaskiyar magana, wannan tanadi bai yi daidai da yadda akasarin mutanen Arewa ke gini ba. Mutum ya sayi fuloti bana, baɗi ya buga bulo da kuɗin adashe, bayan an sayar da amfanin gona a yi rufi, wani lokaci a tare ba a ko yi shafe ba. Da yawa suna gudun bashin banki ne saboda riba. Wanda ya gina gidansa da guminsa ta wannan hanya ba shi da ruwan da za a cire masa, kuma ranar da ya tare ya rasa rangwamen haya, wanda yake kashi 20 cikin ɗari na hayar shekara, iyakarsa naira 500,000. Ɗan haya da mai cin bashi doka ta tuna da su, mai adashe kuwa an tsallake shi. Wanda ya bi ta bankin da ba ya harka da ruwa, irin Jaiz ko TAJ, ya kyautu ya kai takardar yarjejeniyarsa ofishin haraji ya karɓi matsayinsa a rubuce.

Asusun NHF, wanda aka kafa a 1992 a hannun Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, yana karɓar kashi 2.5 cikin ɗari na albashi duk wata. Tun 2023 ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu ba dole ba ne su shiga. Wanda yake zubawa ya duba takardar albashinsa ya tabbatar an cire wannan kaso kafin a yanki haraji.

Lamarin ya sha bamban ga mai gidan haya ko shago, domin shi sana'a yake yi da ginin, kuma hayar da yake karɓa kuɗin shiga ce da ake biya wa haraji. Idan rufi ya yi yoyo ya sauya kwanon da ya lalace, ko ya sake fenti bayan ɗan haya ya tashi, ko ya gyara famfon da ya fashe, wannan gyara ne, ana cire shi daga hayar shekarar. Idan kuwa ya ɗora bene, ko ya fasa soro ya mai da shi shaguna uku, ko ya haƙa rijiyar burtsatse, ya ƙara wa kadarar daraja ne, kuma ba a cire irin wannan gaba ɗaya a shekara guda. Kaɗan-kaɗan ake rage shi tsawon shekaru, ga gini kashi 10 cikin ɗari a shekara. Gidan da mai shi ke zaune a ciki kuma ya ba da hayar shagunan gaba, sai an raba lissafi, domin ɓangaren hayar kawai ke da wannan dama.

Sabuwar dokar ta zo da wani sharaɗi da zai ba masu sayen kaya da baki mamaki. Duk kashe kuɗin da ya wajaba a caji VAT a kansa amma ba a caja ba, ba a yarda a cire shi. Ƙananan 'yan kasuwa doka ta ɗauke musu cajin VAT, amma babban dila wajibi ne a kansa. Saboda haka mai gidan hayar da ya ce wa dila "bar rasit, rage mini farashi" yana iya rasa abin da ya fi ragin yawa. Rasit mai amfani shi ne mai ɗauke da sunan shago, kwanan wata, irin kayan da adadinsu. Takardar da yaron shago ya yago daga littafi ya rubuta jimilla kawai ba ta zuwa ko'ina. Ko mai gidan zama yana da dalilin ajiye takardunsa, domin ranar da za a sayar da gida su ne shaidar abin da aka kashe. An yafe harajin ribar sayar da gidan zama, amma sau ɗaya ne a rayuwar mutum.

Harajin ɗaiɗaikun mutane hukumar haraji ta jihar da mutum yake zaune ce ke karɓa, kamar KIRS a Kano da KADIRS a Kaduna, kuma rangwame ba ya zuwa da kansa, sai an nema a rubuce tare da shaida. Wa'adin miƙa bayanan kuɗin shiga na shekara shi ne 31 ga Maris. Duk wanda ya bugo waya ya ce zai karɓo wa mutum kuɗin VAT na kayan gini in aka ba shi lambar BVN ko lambar sirrin da banki ya turo, ɗan damfara ne. Haka mai tayin buga rasit na bogi a cika wa fayil: sunan mai gidan ne a kan takardar da aka miƙa, kuma shi hukuma za ta tuhuma da ba da bayanan ƙarya.