Ƙarin Ruwa: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani Game da Saurin Ɗigo

A Fakku da sauran garuruwan Kebbe da Tambuwal, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, mutane da yawa ba sa jin an yi musu magani sai sun ga an rataya leda. Da zarar an ce "an sa masa ruwa", hankalin dangi ya kwanta. Ana tambayar leda nawa ya sha, amma da wuya ka ji an tambayi a cikin awa nawa ta shiga. Alhali a nan ne haɗarin yake.

Daga ina abin ya samo asali?

A 1832, lokacin da kwalara ta addabi Birtaniya, wani likita mai suna Thomas Latta a garin Leith na Sikotilan ya ɗura wa masu amai da gudawa ruwan gishiri ta jijiya. Wajen shekara 100 bayan haka Alexis Hartmann a Amurka ya gyara haɗin da Sydney Ringer ya ƙirƙiro, wanda shi ne har yau ake sa wa mai kwalara. Mu ma cutar ba ta bar mu ba: a 2021 hukumar NCDC ta ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu a Najeriya, kuma Sakkwato na cikin jihohin da abin ya shafa.

Yaya ake lissafin ɗigo?

A ƙarƙashin leda akwai 'yar kwalbar roba inda ruwan ke ɗiga, sai siririn tiyo, sai ɗan taya da ake murzawa ya matse tiyon. A kan ledar tiyon an rubuta ɗigo nawa ne ke cika mililita ɗaya. Na manya yawanci 20 ne, na jarirai 60.

Idan likita ya ce ledar mililita 500 ta shiga cikin awa 4 da tiyon manya, nas za ta ninka 500 sau 20, ta raba da minti 240. Ya kama ɗigo 42 ke nan a minti. Sai ta tsaya da agogo tana ƙirga, tana murza taya har ya daidaita. Idan aka ɗauko tiyon manya a zaton na jarirai ne, yaro zai sha ninki uku na abin da aka rubuta masa, kuma lissafin da ke kan takarda daidai yake.

Me ya sa ɗan tayan ba abin dogaro ba ne?

A ƙa'idar gudun ruwa cikin siririn bututu, in ka rage faɗin hanyar da rabi, gudun yana raguwa har ninki 16. Don haka murzawa kaɗan takan mai da yayyafi ya zama kwarara. Sannan robar da aka matse ba ta tsayawa yadda aka bar ta, tana ci gaba da lotsewa a hankali, sai a dawo bayan awa ɗaya a tarar ɗigon ya sauya ba tare da kowa ya taɓa ba. Tsayin sanda ma yana da tasiri, domin nauyin ruwan ne ke tura shi. Ledar da aka rataya a ƙusar bango ba za ta yi gudu ɗaya da wadda ɗan'uwa ya riƙe a cikin mota a hanyar asibitin koyarwa na Sakkwato ba. Maras lafiya ya lanƙwasa hannu, ruwa ya tsaya. Ya miƙe, ya zubo.

Ga kuma hannun masu jinya. Wani yakan buɗe tayan don leda ta ƙare a koma gida kafin dare. Ba mugunta ba ce, ba a yi masa bayani ba ne. Amma ni a ganina kayan da kowa zai iya sauya wa gudu da yatsa ɗaya, tun daga ƙirarsa aka yi kuskure.

Wa abin ya fi cutarwa?

Yara. Yaro ɗan shekara 2 mai kilo 10 da gudawa ta ƙarar wa ruwan jiki, tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce a ba shi lita ɗaya: mililita 300 a rabin awar farko, 700 a awa biyu da rabi. Da tiyon manya, kashin farkon ya kai ɗigo 200 a minti, ido ba ya iya ƙirga shi. In aka yi jinkiri yana iya rasuwa. Amma in yaron mai tsananin tamowa ne, wannan saurin na iya fin ƙarfin zuciyarsa, ruwa ya taru a huhu. Shi ya sa ake fifita ba shi ta baki.

Binciken FEAST da aka wallafa a 2011, kan yara fiye da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, ya girgiza likitoci. Waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa cikin kwana biyu, kusan kashi 10.5 cikin 100, a kan 7.3 na waɗanda ba a yi wa haka ba. Masu gudawa ba sa cikin binciken.

Mata masu haihuwa ma na cikin haɗari. Ruwan naƙuda in ya yi gudu yakan matsa mahaifa har ta fashe.

Wace irin ƙira ce ta dace da mu?

Manyan asibitoci na amfani da injin da ke tura ruwa da kansa. Yana da kyau, amma yana son wuta da mai gyara da tiyo nasa na musamman. Kuma shi ma ba ya rasa aibu: daga 2005 zuwa 2009 hukumar FDA ta Amurka ta karɓi rahoton matsala kusan 56,000 a kan irin waɗannan injuna.

Ƙaramin asibitin karkara, inda ma'aikaci ɗaya kan kwana da gadaje da yawa, abu uku yake buƙata daga maƙera: kayan ya tsayar da kansa in adadin ya cika, ya nuna gudun a lamba, kuma a iya kulle shi.

An riga an ɗan taka rawa. Akwai kwalbar awo mai ɗaukar mililita 100 zuwa 150 da ake sawa tsakanin leda da tiyo. Nas ta zuba iya abin da yaro zai sha ta rufe sama, ko tayan ya kuɓuce ba zai wuce haka ba. Wannan ne na fi so a fara saye, domin ba ya son wuta. Akwai DripAssist da kamfanin Shift Labs ya ƙera, 'yar na'ura mai batiri ɗaya irin na tocila, da ake maƙalawa a kwalbar ɗigo ta ƙirga ta kuma yi ƙara in gudun ya kauce, sai dai ba ta gyara shi da kanta. Ɗaliban Jami'ar Rice kuwa sun ƙera wata mai aiki kamar sikeli: nauyin leda na raguwa zuwa inda aka saita, sai ta datse tiyon.

Me mai jinya zai yi?

Kada ka taɓa tayan, kada ka ɗaga ko sauke leda. Tambayi nas: "Malama, ƙarfe nawa ya kamata ta ƙare?" In ledar awa huɗu ta kai rabi cikin minti 30, kira ta. Haka nan in numfashi ya yi sauri, ko fatar ido ta kumbura, ko wurin allurar ya tashi ya yi sanyi, ko jini ya biyo tiyo. Wanda kuma ke iya sha ba ya amai, ruwan gishiri da sukari na ORS ya wadatar da shi a mafi yawan lokuta, ba sai an kira mai kemis ya rataya masa leda a ɗaki ba.